Maƙogwaron da Ya Watsa Kasuwa

Ku da kuke bina a baya duk inda na nufa kuna cewa in ba ku lasifika ku riƙe, ku matso ku zauna. Kun ɗauka shela ita ce mutum ya rataya abu a kafaɗa, ya wage baki, gari ya ji. Da haka take da jakin gidanmu ya riga ni samun aikin, don ya fi ni murya kuma dusa kawai yake nema. Shekaruna goma sha bakwai, amma a wannan sana'a ni dattijo ne. Da aiki yana sa furfura, da tuni kaina ya zama kamar an zazzage mini buhun fulawa.

A hannun Kawu Iro na koya, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ne mai shelar ƙauyenmu na gefen Karare tun kafin a haife ni. A zamanin ƙuruciyarsa, in ya tsaya bakin masallaci ya yi shela, har mutanen Yasore suna amsawa. Ni dai haka ya gaya mini, kuma ban taɓa samun wanda ya ƙaryata a gabansa ba. Lokacin da na zo hannunsa muryar ta fara dishewa, gwiwa ma ta ƙi. Shi ya sa ya ɗauke ni, ya ce tunda na hana gida barci da surutu, gara a samu abin miya da shi.

Shela ta farko da ya ba ni ta akuya ce. Wata tsohuwa ta zo tana share hawaye, akuyarta ba ta kwana gida ba. Na rataya lasifika na zagaye gari ina cewa an ɓatar da akuya, duk wanda ya gani ya kawo gidan Iro mai shela. Kafin la'asar ƙofar gidanmu ta koma kara. Duk wata akuya da ta fito shan iska a garin nan an kamo ta an kawo, har da wani bunsuru da ya zo da kansa don ya ji akwai taro. Ta tsohuwar ce kaɗai babu. Kawu ya zauna kan tabarma ya sa na mayar da kowace gidan ubangijinta, ina ba da haƙuri. A ranar na koyi cewa shela tana da tsari: launi tukuna, sai tabo, sai kunnen da aka tsaga, sai sunan mai ita, sannan inda za a kai.

Wurin tsayawa ma ilimi ne. Ba a tsayawa tsakiyar fili, iska ce za ta kwashe maganar ta kai wa gero. Kusurwar lungu ake nema, inda katanga za ta ɗauki murya ta jefa cikin gidaje, domin masu sauraron shela na gaskiya matan da ke cikin gida ne. Namiji zai ji ya manta kafin ya kai majalisa. Mace kuwa in ta ji, kafin ka ƙarasa lungu na gaba ta riga ka isa ta kan katanga. Ita kuma lasifikar, maɓallinta yana ƙarƙashin babban yatsa. In batir ya yi sanyi muryarka za ta koma ta kwaɗo, sai ka kai wa Lawalli mai cajin waya ya cika maka.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Mai suna yana son ka ja sunansa har ya kai gobe. Mai rasuwa yana son a hankali, ba ado, ba wasa, ka faɗi lokacin jana'iza ka maimaita ka wuce. Akwai kuma wanda jakin maƙwabci ya ci masa dawa, ya zo yana huci, yana son ka ambaci maƙwabcin da ubansa da kakansa. Wannan sai ka ba shi ruwa ya sha, ka ce batir ya mutu. Dokokin Kawu biyu ne: ba a kiran sunan wanda ake zargi, kuma ba a yanke shela a tsakiya. Ya ce in ka faɗi rabi ka yi shiru, mutane za su ƙarasa maka sauran da kansu, kuma ba su taɓa ƙarasawa da alheri ba.

Shi ya koya mini ɗaukar numfashi irin nasa. Ka wage baki ka zuƙi iska da ƙarfi har ƙirji ya kumbura, ka ɗaga kafaɗu su taɓa kunne, ka miƙe wuya kamar zakara, sannan ka sake ta gaba ɗaya a jimla guda mai tsawo. Na iya wannan har na fi shi. Ina iya faɗin sunan jariri da na ubansa da unguwarsu da abin da za a ci, duk a numfashi ɗaya.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ba sai na ba ku labari ba, kun san ta. Shekarar da kowa ke noma da ido ɗaya a kan kunya ɗaya a kan daji, ƙarar babur in ta yi yawa sai hira ta tsaya. A cikinta maƙogwarona ya fara yi mini tawaye. Na dawo daga Yasore a guje kan keke, na tsaya zan yi shela, na zuƙi iska, sai ta ƙi shiga. Kamar wani ya sa yatsa biyu ya matse mini wuya ta ciki. Fitar da iska ba wuya, shigarta ce aiki, kuma in ta matsa ta shiga sai ta yi wata ƙara kamar tsohon ƙyauren kwano. Can sai abin ya sake ni da kansa, kamar ba a yi ba.

Mai kemis ya ce asma ce, ya ba ni abin shaƙa. Na shaƙa har na fara jin ɗanɗanonsa a cikin tuwo, abin bai fasa zuwa ba. Kakata Iya Abu ta ce ita ta san asma, wannan ba ita ba ce, na dai yi ihu ne a gindin tsamiya na tashi masu wurin daga barci. Ta samo garwashi da wasu saiwoyi, ta zaunar da ni, ta lulluɓe ni da bargo tare da hayaƙin. Jama'a, a cikin bargon nan na ga kakannina har na bakwai suna miƙo mini hannu. Na fito da rarrafe ina wannan ƙara, ita kuwa tana murna tana cewa ga shi nan yana fita, a ƙara garwashi.

Shelar da ta jawo magana ta allurar shanu ce. Ranar kasuwarmu Maigari ya aiko a sanar cewa masu allura za su zo, kowa ya kawo dabbobinsa. Kasuwa ta cika, mutanen Yasore sun zo, na Tsaskiya sun zo, Fulani sun jera ƙoren nono. Na hau kan wani turmi kusa da tukubar mai tsire, don nan ne tudu. Daidai lokacin ya barbaɗa yaji a wuta. Na danna maɓalli na ce Maigari yana gaishe da jama'a, ya ce a gaya musu, sai na zuƙi iska irin ta Kawu, da hayaƙin da yajin da komai. Ƙofar maƙogwaro ta rufe.

Abin da na manta shi ne yatsana yana kan maɓalli. Duk wannan ƙarar tsohon ƙyaure, lasifika ta ɗauka ta ninka ta ta watsa wa kasuwa. Na faɗo daga turmi na durƙusa, ina miƙa hannu wajen mai sayar da ruwa. Shi kuma mai ruwan, Allah ya sa ya kafa randarsa ta yamma, ta wajen daji. To ku haɗa da kanku: mai shela ya ce Maigari ya ce, ya yi kukan wanda aka shaƙe, ya faɗi yana nuna daji, a irin wannan shekara.

Ban taɓa sanin mutanen garinmu suna da gudu haka ba. Akwai wani tela da ya shekara yana ɗingishi, a ranar da idona na ga ya wuce babur. Mai tumatir ya bi ta kan tumatirinsa. Wani ya ɗauki ɗan mutane a kafaɗa ya bar nasa, sai a ƙofar gida suka dubi juna. Ko da maƙogwaro ya sake ni na ɗago kai, daga ni sai kaji sai takalma. Allah ya tsare ba wanda ya ji mummunan rauni, amma ƙore sun fashe, kaya sun zube, kuma kafin rana ta faɗi labari ya kai Tsaskiya cewa an shiga kasuwarmu.

Washegari Maigari ya kira mu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Kawu ya san gidansu ne ke riƙe da shelar garin nan tun kakanni, amma ba zai bar garin a hannun maƙogwaron da ba a san ranar da zai tashi ba. Ya karɓi lasifika ya ba Lawalli mai caji, wanda ya ce shi ba sai ya wahalar da wuya ba, zai ɗauki magana a waya ya ɗaura kan babur ta yi ta maimaita kanta. Kawu ya ce Allah ya ja zamanin Maigari, muka taso. Da muka kai ƙofar gida ya ce in wanke rigata, jibi za mu Katsina.

A wani asibiti a can, likita ya saurari ƙirjina ya ce huhuna lafiya lau, ya isa ya hura tayar mota. Sannan ya zura mini wata siririyar igiya mai ido ta hanci, ya leƙa har cikin maƙogwaro, ni ma ina kallo a allo. Ban ji daɗin ganin cikina ba, ba shi da kyan gani. Ya nuna wasu 'yan fatu biyu kamar ƙyaure mai ɓari biyu. Ya ce su ne ke yin murya: in za ka yi magana sai su matso juna, in za ka ja iska sai su buɗe. Nawa kuwa masu gadi ne matsorata. Da sun ji hayaƙi, ko gudu, ko firgita, sai su rufe ƙofa daidai lokacin da iska ke sallama. Ya ce ba aikin allura ba ne, koya musu hankali za a yi, ya tura mu wajen wata Malama Rabi mai koya wa mutane magana da numfashi.

Malama Rabi ta ce in yi mata shela kamar yadda na saba. Na gyara tsayuwa, na wage baki, na ɗaga kafaɗu, na miƙe wuya.

"Tsaya nan," in ji ta. "Wa ya koya maka jan iska haka?"

Na dubi Kawu. Kawu ya ga wani abu mai ban sha'awa a jikin fanka.

Ta ce wannan zuƙar ta baki da ƙarfi, da wuya a ɗaure, ita ce take firgita masu gadin. Ta sa na sauke kafaɗu, na saki haɓa kamar wanda barci ya fara ɗauka, harshe kwance a ƙasan baki. Ta ce in ɗora hannu a kan cibiya. In na ji abin zai zo, in ja iska ta hanci gajere-gajere, kamar mai sansanar miya ko ta yi tsami, don wannan sansanar tana buɗe ƙofar da kanta. Sannan in tsuke leɓe in fitar da ita a hankali, doguwa, kamar ina hura koko mai zafi, ko da ƙarar sss. Fitar ta fi shigar tsawo. Hannun da ke kan ciki shi zai riƙa tashi yana sauka, kafaɗa kuwa ta zauna inda Allah ya ajiye ta. Ta hana ni yawan kakarin gyaran murya, ta ce in na ji ƙaiƙayi in kurɓi ruwa in haɗiye. Ta ce in nisanci hayaƙi, kada kuma in cika ciki da yaji in kwanta, don ƙwannafi ma yana tsokanar su.

Babban abin da ta nanata shi ne kada in jira sai abin ya zo. In yi ta yi ina lafiya, kullum, har jiki ya haddace, domin ranar da ya kama ni kaina ba zai tuna komai ba. Ta ce in haɗa shi da salla, in na sallame in zauna in yi kafin in tashi. Ta kuma ce in gaya wa duk mai asma ta gaskiya kada ya ji labarina ya jefar da abin shaƙarsa, ciwo ne daban, sai an duba ake sani. To na gaya muku.

Aikin da na yi a makonnin nan ya fi noman gyaɗa wuya, don ba abin da ya kai mutum irina ya zauna shiru wahala. Da safe in kwanta a tsakar gida in ɗora tiyar gero a ciki, in yi ta ɗaga ta da numfashi ina saukewa. Iya Abu ta ce ita dai ta ga ta kanta, mijin nata ya koma faifai. Kaji suka gane lokacin, suna zuwa su ci geron a kaina. In ina tafiya a hanya ina sss ɗina, sai in waiga in ga 'yan talla sun biyo ni a jere da mai babur a baya, kowa ya ɗauka shi nake kira. Amma abin ya fara ji. Ran nan Iya tana toya barkono sai ciwon ya taso mini, na sauke kafaɗa, na sansana, na hura, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya juya.

Kawu da farko ya ce shi bai ga yadda za a yi shela da numfashin mai sansanar miya ba. Sai wata rana ya shiga rumbu ya fito da bakin tsohuwar garma da wata ƙatuwar ƙusa. Ya ce da wannan mahaifinsa yake shela kafin lasifika ta zo. Zai buga, ya faɗi magana gajera, ya sake bugawa, ya ƙara wata. Kawu ya juya garmar a hannu ya ce shi duk zatonsa tsohon don ado yake bugun nan, ashe hutawa yake yi. Muka zauna muka yayyanka shela gunduwa-gunduwa. Magana ɗaya, a ɗaga yatsa daga maɓalli, a buga garma, a ja iska ta hanci, sannan ta gaba. Muddin ƙarfe yana ƙara, mutane sun san mai shela yana nan da ransa, ba wanda zai ƙarasa masa.

Ita kuwa kasuwarmu ta ƙi dawowa. Mutanen gari suna fitowa, amma baƙi sun ɗauke ƙafa. Mai tsire yana yanka rabin abin da ya saba, kuma in ya gan ni sai ya juya baya. Maigari ya aika Lawalli Tsaskiya da Yasore da saƙo a waya cewa lafiya lau, ba abin da ya faru. Ya je ya dawo ba ko mutum ɗaya. Ya ce in ya kunna sai mutane su taru su tambayi lasifikar wa ya gani da idonsa, ita kuma ta sake musu daga farko.

Kawu ne ya je ya samu Maigari. Ya ce wanda ya watsa kasuwa shi ya kamata ya je ya tattaro ta, don shi suka gani ya faɗi. Maigari ya juyo gare ni.

"In ya kama ka a can fa, a garin mutane?"

"Ranka ya daɗe, zai iya kama ni," na ce. "Amma yanzu na san inda yake kwana."

Ya sa aka karɓo lasifika a wurin Lawalli, ya ce aro ya ba ni, na rana ɗaya.

Ranar da mutane suka taru a Tsaskiya muka je, Lawalli ne ma ya ɗauke ni a babur, muna tsalle a kan hanyar ƙasa garma tana dukana a baya. Na nemi kusurwa mai kyau, nesa da masu wuta. Na buga ƙarfe. Na ce Maigarinmu yana gaishe su. Na buga. Na ce ni ne yaron da ya faɗi a kasuwa. Nan take wuri ya cika, har da masu cewa ai an ce an tafi da ni. Wani dattijo ya matso ya taɓa hannuna ya tabbatar, ya ce to mi ya faru, ɗiyana. Ina cikin bayani sai wani mai babur ya zo ya tsaya a gabana yana ba shi wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ni. Na ji yatsun nan biyu sun kama wuyana.

Na ɗaga yatsa daga maɓalli. Na sauke kafaɗu. Hannuna yana buga garma a hankali, ni kuma ina sansana ina hurawa, ina kallon idanun mutane suna girma. Wata mata ta fara tattara ƙwaryarta. Na ci gaba da bugu. Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba, a wurina dai an yi damina an yi kaka. Sai ƙofa ta buɗe, iska ta shiga har cibiya.

Na danna maɓalli na ce, "To kun gani. Wannan shi ne ɗan fashin da ya shiga kasuwarmu. A wuyana yake zaune, kuma ga shi na kore shi a gabanku."

Sai dattijon nan ya fara dariya har da riƙe gemu, sauran suka ɗauka. Matar ta ajiye ƙwaryarta ta ce saboda wannan ɗan maƙogwaron ta yi asarar nonon kwana biyu, Allah ya isa tsakaninta da shi. Na ce ta zo ranar kasuwa ta karɓi hakkinta a wurinsa. Suka yi ta tambaya ina amsawa, gunduwa-gunduwa. Daga nan muka wuce Yasore, da yamma na mayar wa Maigari kayansa.

Ranar kasuwa tun da hantsi ina bakin hanya, ni da mai tsire. Can sai ga ƙore a kan kawuna sun ɓullo ta cikin dawa. Bayansu babura da buhuna, bayansu amalanke. Mai tsire ya tashi ba ko sallama ya tafi ƙaro nama. Kafin azahar Maigari ya aiko a kira ni. Na tarar da wani mutumin Yasore a gabansa yana share gumi, ragonsa ya tsinke igiya ya shige cikin taro. Maigari ya ɗauko lasifika daga gefen kujerarsa ya miƙo mini, yana ci gaba da magana da baƙon.

"Je ka nemo masa," ya ce. "In ya kama ka, buga garmarka, muna jira. In ka gama ka wuce da ita gida, ta ishe ni a nan."